Arch Manning da sabuwar katanga: Yadda 'yan harin Jami'ar Texas suka shiga kakar 2025

A ranar 11 ga Agusta, 2025, kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da jerin gwanayen ƙungiyoyin jami'o'i a wasan zari-ruga irin na Amurka, inda Jami'ar Texas da ke birnin Austin ta zo ta ɗaya. Tun da aka fara wannan ƙuri'a ta gabanin kaka a 1950, ba a taɓa ɗora Texas a kan gaba ba sai a 2025. 'Yan jarida 25 ne suka ba ta matsayi na farko, 23 kuma suka zaɓi Penn State.

Wannan yabo ya zo ne a daidai lokacin da ƙungiyar ta rasa mafi yawan 'yan wasan da suka riƙe mata ɓangaren kai hari a kakar 2024. Kafin kakar 2025, mai jifan da zai jagorance ta, Arch Manning, sau biyu kacal aka taɓa fara wasa da shi a jami'a, kuma huɗu daga cikin ƙarti biyar da za su tsare shi sababbi ne a sahun farko. Sunan Manning ne ya cika kafafen watsa labarai, amma alƙaluman kakar 2024 sun nuna cewa makomar ƙungiyar ta fi rataya a wuyan waɗannan mutum biyar.

Yadda ake jera 'yan hari

Kowane ɓangare na shiga fili da mutum 11. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sake ba su wasu huɗu, in sun gaza ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo a hannu ya ci maki shida, bugun da ya ratsa tsakanin turaku kuma maki uku ne.

A gaba akwai 'yan katanga biyar: ɗan tsakiya wanda ke miƙa ƙwallo baya, masu gadi biyu a hagunsa da damansa, sai 'yan gefe biyu a ƙarshen layi. Aikinsu tare maza da buɗe hanya. Bayansu mai jifa yake tsayawa, wanda Amurkawa ke kira kwatabak, shi ne ke karanta tsarin abokan gaba ya yanke shawarar inda ƙwallo za ta nufa. Sauran biyar ɗin sun haɗa da mai gudu da ƙwallo, da masu cafkewa, da wani ƙaƙƙarfa da ke tsayawa a jikin katanga, wanda wani lokaci ya tare, wani lokaci ya fita ya cafke. Idan mai jifa na hannun dama ne kamar Manning, ɗan gefen hagu ne ke tsare masa ɓangaren da idonsa ba ya gani, shi ya sa ake ɗaukar wannan gurbi da muhimmanci ƙwarai.

Mai jifa: gado da nauyinsa

Arch jikan Archie Manning ne, tsohon mai jifan New Orleans Saints. Baffanninsa biyu, Peyton da Eli, kowanne shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL, Peyton a 1998, Eli a 2004, kuma kowanne ya ɗaga kofin Super Bowl sau biyu. Mahaifinsa Cooper ya bar wasa tun yana matashi saboda larurar ƙashin baya.

Arch ya shiga Texas a 2023, ya yi kaka biyu yana jiran Quinn Ewers, a zamanin da 'yan wasa irinsa kan sauya jami'a da zarar an ajiye su a benci. A 2024 ya jefa ƙwallo sau 90, aka cafke 61, ya tara yadi 939. Jifansa tara ne suka kai ga ci, biyu kuma suka faɗa hannun abokan hamayya. Ya kuma ci sau huɗu da ƙafarsa, ciki har da gudun yadi 67 a wasansu da UTSA. Wannan saurin ƙafa wani abu ne da Ewers ba shi da shi, kuma zai ba koci Steve Sarkisian, wanda shi da kansa ke zaɓen dabarun hari a lokacin wasa, damar faɗaɗa tsarinsa.

Sai dai wasanni biyun da aka fara da shi a 2024, lokacin da Ewers ke jinya, sun kasance ne da Louisiana-Monroe da Mississippi State, kuma ta biyun wasa biyu kawai ta ci a duk kakar. Da aka sako shi na ɗan lokaci a wasan Georgia na watan Oktoba, an kayar da shi, ƙwallo ta suɓuce masa. Duk da haka kafin kakar 2025 kamfanonin caca sun sa shi a gaba cikin waɗanda ake kyautata zaton za su lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i.

Katanga: inda gizo ke saƙa

Kelvin Banks Jr., ɗan gefen hagu da ya lashe kyautar Outland ta gwarzon ɗan katanga a 2024, ya tafi New Orleans Saints a matsayin mutum na tara da aka ɗauka a zaɓen NFL. Ɗan tsakiya Jake Majors, wanda aka fara wasa da shi fiye da sau 50, ya kammala. Hayden Conner da Cameron Williams su ma sun wuce gasar ƙwararru. DJ Campbell, mai gadin dama, shi kaɗai ya rage.

Kafin kakar 2025 an sa ran Trevor Goosby zai gaji Banks. An fara da shi sau biyu a kakar 2024, kuma duka a manyan wasanni: a hagu ranar wasan ƙarshe na rukunin SEC da Georgia, sannan a dama lokacin karawa da Arizona State a gasar cin kofin ƙasa. Cole Hutson, wanda ya riƙe gurbin mai gadin dama a duk kakar 2022, shi aka sa ran zai koma tsakiya. Brandon Baker, ɗan shekara ta biyu, shi ya kasance kan gaba a gefen dama bayan da Andre Cojoe ya ji rauni a gwiwa a atisayen watan Agustan 2025. Gurbin mai gadin hagu kuwa an yi ta fafatawa a kansa tsakanin Neto Umeozulu da Connor Stroh. Dukkansu renon gida ne, daga sakandare Texas ta ɗauko su, kocin katanga Kyle Flood ya horar da su.

Dalilin da ya sa hankali ya karkata nan yana cikin wasanni uku da Texas ta sha kashi a kakar 2024, cikin 16 da ta buga. A wasan farko da Georgia, wanda aka tashi 30 da 15, yadi 29 kawai ta samu ta hanyar gudu, kuma sau bakwai aka kayar da masu jifanta kafin su saki ƙwallo. A wasan ƙarshe na SEC, wanda Georgia ta sake cinyewa 22 da 19 bayan ƙarin lokaci, yadi 31 ta samu. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa, ranar 10 ga Janairu, 2025, Ohio State ta tsayar da ita a yadi 58.

Ƙarshen wannan wasa na uku ya isa misali. Ana binta 21 da 14, saura 'yan mintuna a tashi, Texas ta kai ƙwallo yadi ɗaya daga layin ƙarshe da dama huɗu a hannunta. Maimakon ta ci gaba sai aka yi ta mayar da ita baya. A dama ta huɗu Jack Sawyer ya kayar da Ewers, ƙwallo ta faɗi, ya ɗauka ya yi gudun yadi 83 ya ci. Aka tashi 28 da 14. Katangar da ta gaza a ranar tana cike da gogaggu. Wadda za ta gaje ta sai ta fi ta iya ture maza a irin wannan matsi, alhali kafin kakar 2025 ba ta taɓa buga wasa ko ɗaya a haɗe ba. Aikin katanga kuwa na fahimtar juna ne: mutum ɗaya ya ɓata lissafin wanda zai tare, sai mai jifa ya kwana a ciki.

Masu gudu da masu cafkewa

A ɓangaren gudu ne ƙungiyar ta fi samun natsuwa. Quintrevion Wisner, wanda ya soma kakar 2024 a bayan wasu, ya ƙare da yadi 1,064, ya kuma cafke ƙwallo 44. CJ Baxter, wanda ya tara yadi 659 a shekararsa ta farko a 2023, ya dawo bayan raunin gwiwa da ya hana shi buga kakar 2024 gaba ɗaya. A lokacin ana ganin idan gwiwar ta riƙe, Sarkisian zai samu mutum biyu da zai riƙa musanyawa, abin da zai rage wa Manning yawan jifa a makonnin farko.

Masu cafkewa kuwa an yi musu babban giɓi. Matthew Golden, mai yadi 987, ya tafi Green Bay Packers a zagayen farko na zaɓen NFL. Gunnar Helm, wanda ya fi kowa yawan cafkewa da 60, ya tafi Tennessee Titans. Isaiah Bond ma ya bar jami'ar. Waɗanda suka rage a lokacin su ne Ryan Wingo, mai yadi 472 a shekararsa ta farko, da DeAndre Moore Jr., wanda ya ci sau bakwai. Domin cike gurbi, Texas ta shiga kasuwar sauya sheƙa ta ɗauko Emmett Mosley V daga Stanford, da Jack Endries daga Jami'ar California, wanda ya cafke ƙwallo 56 a 2024 kuma shi aka sa ran zai gaji Helm.

Kuɗin da ke bayan jerin sunayen

Kakar 2025 ce ta farko da jami'o'in Amurka suka biya 'yan wasansu kai tsaye. Shekaru da dama hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta haramta hakan, da hujjar cewa ɗalibai ne masu wasa don sha'awa, alhali gidajen talabijin na zuba biliyoyin daloli, koci-koci na karɓar miliyoyi. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da bakin alƙalanta tara, ta yanke hukunci a kan hukumar a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su ci moriyar sunansu da hotonsu ta hanyar talla.

A ranar 6 ga Yuni, 2025, mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhu a ƙarar da wani ɗan wasan ninƙaya, Grant House, ya shigar tare da wasu. Za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. A watan ne kuma gwamnan Texas, Greg Abbott, ya sa hannu a dokar jiha da ta halatta irin wannan biya. Duk wata yarjejeniyar talla ta dala 600 zuwa sama dole ne yanzu a kai ta gaban wata sabuwar hukuma don tantancewa.

Jaridar Houston Chronicle ta ruwaito cewa 'yan wasan Texas na kakar 2025 za su lashe tsakanin dala miliyan 35 zuwa 40, adadin da Sarkisian ya musanta. Kafin kakar 2025 masu ƙiyasi sun kimanta darajar tallan Manning shi kaɗai da sama da dala miliyan 6, kuma a lokacin yana da yarjejeniya da kamfanoni irin su Red Bull. Albashin Sarkisian ya haura dala miliyan 10 a shekara, sashen wasannin jami'ar kuma ya samu kuɗin shiga sama da dala miliyan 300 a shekarar kuɗi ta 2024. Duk da wannan, har yanzu doka ba ta ɗauki 'yan wasan a matsayin ma'aikata ba, ba su da ƙungiyar ƙwadago da za ta zauna ta yi ciniki a madadinsu kan rabon kuɗi ko kula da lafiya bayan rauni. Kamfanonin talla kuma sun fi bin mai jifa da masu cafkewa, waɗanda kyamara ke haskawa, fiye da 'yan katangar da ke karo da ƙarti a kowace dama.

Jadawalin da ba ya jira

Ranar 30 ga Agusta, 2025, Texas ta buɗe kaka a birnin Columbus, gidan Ohio State mai riƙe da kofin ƙasa a lokacin, wadda ta fitar da ita a kakar 2024. Abin da aka ga zai ɗan sassauta mata shi ne Ohio State ma ta rasa dukkan mutum huɗun da ke sahun gaba na tsaronta, har da Sawyer, ta kuma ɗauko sabon kocin tsaro, Matt Patricia. Bayan nan ta buga wasanni uku a gida da San Jose State da UTEP da Sam Houston, waɗanda aka ga za su ba katangar damar sabawa da juna. A duk watan Oktoba ba ta buga wasa a Austin ba: ta je Florida, ta haɗu da Oklahoma a Dallas, sannan ta ziyarci Kentucky da Mississippi State. Ranar 15 ga Nuwamba kuma Georgia ta karɓi baƙuncinta a gida.

Tsarin gasar ƙasa mai ƙungiyoyi 12 ya sa shan kashi ɗaya ko biyu ba ya kashe fata. Amma tarihi bai cika yi wa wanda aka ɗora a gaba daɗi ba: rabon da ƙungiyar da AP ta sa ta ɗaya kafin kaka ta ɗaga kofi tun Alabama a 2017. Texas kanta rabonta da kofin tun kakar 2005, lokacin Vince Young.