Koyar da karatu ta labaran namun daji a Katsina

Koyar da karatu ta labaran namun daji hanya ce da malaman firamare ke bi wajen koya wa yara auna fahimta da sababbin kalmomi, inda ake ɗauko rubutun da za a karanta daga rayuwar dabbobi da tsuntsayen daji da batun kare su daga ƙarewa. Ba darasi ne mai zaman kansa a manhaja ba, yana shigowa ne cikin darasin Hausa ko Turanci ko kimiyya. A birnin Katsina batun ya fi fitowa fili a unguwanni irin su GRA, inda makarantun kuɗi suka yawaita, kuma akasarinsu da Turanci suke fara koyarwa tun daga nazare.

Asali

Dabbobi sun daɗe a cikin tarbiyyar yaran Hausawa ta hanyar tatsuniya, inda Gizo da kura da dila da zaki kowa ke da halinsa. Da aka fara rubuta littattafan boko, wannan gado ne aka ɗora a kai. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta Katsina, ya sa aku ya zama mai ba da labari a Magana Jari Ce, littafi mai juzu'i uku da ya fara fitowa a 1937. Daga baya shi da R. M. East suka rubuta Ikon Allah, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1949. Wannan ya bambanta da na farkon, domin bayani ne kan halittu yadda suke, ba labarin dabba mai magana ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa a shekarun farko na firamare. A 2015 aka fara shirin RANA a jihohin Katsina da Zamfara, wanda ƙungiyar FHI 360 ta gudanar tare da UNICEF da tallafin gwamnatin Birtaniya, don koyar da karatu da lissafi da Hausa a aji ɗaya zuwa uku. Shirin bai keɓanta da namun daji ba, amma ya yaɗa salon karanta wa yara labari a bayyane a kuma bi shi da tambayoyi.

Abin da sunayen dabbobi ke koyarwa

Ta fuskar harshe, sunayen namun daji na daga cikin kalmomin da suka fi dacewa da mai koyon karatu. Suna ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, kamar a ɓauna da raƙumi da ƙadangare, kuma suna nuna wa yaro cewa lanƙwasar ba ado ba ce: zaki daban, zaƙi daban, haka kura da ƙura. Akwai kuma kalmomin da rubutunsu ɗaya ne, tun da rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gada na iya zama dabba, tana iya zama wadda ake haye kogi a kanta. Kada na iya zama na ruwa ko kalmar hani. Ba yadda yaro zai yi ya gane wadda ake nufi sai ya duba sauran jimlar, kuma wannan shi ne ainihin abin da auna fahimta ke nema.

Jinsi da jam'i ma na samun misalai masu kyau: zaki da zakanya, giwa da toron giwa, barewa da bareyi, kura da kuraye. Harɗaɗɗun kalmomi kamar raƙumin dawa da karen ruwa suna nuna yadda Bahaushe ke raɗa wa baƙuwar halitta suna daga wadda ya sani.

Sai dai wasu sunayen na ɓacewa tare da masu su. Gwanki da kanki da mariri da yanyawa kalmomi ne da kakanni suka sani, amma yaron da ya tashi a GRA ya fi saurin gane dabbobin ƙasashen ƙanƙara da ya gani a littafin Turanci ko talabijin. A nan rubutun na yin aiki biyu, yana koyar da karatu, yana kuma riƙe kalmar.

Batutuwan da ake karantawa

Malamai kan fara da abin da yaro ke iya gani. Bishiyoyin bedi da suka yi wa titunan GRA inuwa na tara kurciya da hankaka da jemage, balbela kuma na bin shanu a bayan gari. Shamuwa ta fi su daɗin labari, domin tana zuwa gab da damina, ta yi sheƙa kusa da mutane, ta ci fara, ta koma kudu in rani ya shigo. Rubutu a kanta na ba da damar tambayar jerin aukuwa da ta dalili.

Ungulu kuwa ta fi wuyar koyarwa. A maganar yau da kullum ƙazama ce, alhali ita ke kawar da mushe kafin ya yaɗa cuta. A da ba a raba ta da mahauta, yanzu ganinta ya yi wuya saboda guba da farautar ta don tsubbu, kuma a 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Yaron da ya karanta wannan dole ya auna abin da ya saba ji da abin da rubutu ya ce, ya kuma raba ra'ayi da hujja.

Daga maƙwabta akwai labarin raƙuman dawa na Kure a Jamhuriyar Nijar, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996, suka kuma haura 600 bayan an kare su. A 2018 aka kai takwas daga cikinsu gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Giwayen Yankari a Bauchi da tsuntsayen fadamar Haɗeja da Nguru su ma batutuwa ne da suka dace.

Ƙalubale

Babbar matsala ita ce ƙarancin irin waɗannan rubuce-rubuce da Hausa a matakin yara, don haka malami kan fassara da kansa, wani lokaci ya rasa sunan dabbar ya bar na Turanci. Bambancin karin harshe ma na shigowa, domin bishiyar da Bakatsine ke kira bedi, a littafin da aka rubuta a Kano darbejiya ce. Kai yara su gani da ido ya yi wuya: Dajin Rugu, da ya ratsa ƙananan hukumomin Safana da Batsari da Ɗanmusa, ba ya shiguwa saboda matsalar tsaro, gidan namun daji na Audu Bako kuma sai an je Kano.