Rashanci a Akra: Dashen Nkrumah da Juyin Mulki Bai Tumɓuke Ba

A watan Yulin 1961 shugaban Ghana Kwame Nkrumah ya sauka Mosko, daga nan ya zaga ƙasashen gabashin Turai, har da Foland da Cekoslobakiya da Yugoslabiya. Ya dawo da alkawuran masana'antu da jiragen kamun kifi da guraben karatu, ya kuma dawo da wata matsala: wa zai karanta takardun? Tun watan Janairun 1958 Ghana ta ƙulla hulɗar jakadanci da Tarayyar Sobiyet, amma ma'aikatan da Ingila ta bar mata Turanci suka iya, sai ɗan Faransanci ga wanda ya yi sa'a.

A wannan shekara ta 1961 aka kafa Cibiyar Koyar da Harsuna ta Ghana, wadda mutane suka fi sani da GIL. Da farko ma'aikatan harkokin waje aka nufa da ita, daga baya ta buɗe ƙofa ga kowa. Rashanci na cikin harsunanta, tare da Larabci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal. Mazauninta na cikin garin Akra yana Adabraka, tafiyar motar tirotiro ɗaya daga unguwar Nima ko Maamobi, kuma mutumin Tsohuwar Fadama zai iya takawa da ƙafa. A shekarar ce kuma kwalejin Legon ta zama cikakkiyar Jami'ar Ghana, inda cikin shekarun 1960 Rashanci ya sami kujera a Sashen Harsunan Zamani, gefe da gefe da Larabci da Suwahili.

Dashen bai yi ƙwari ba guguwa ta taso. Ranar 24 ga Fabrairun 1966, Nkrumah na kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatinsa. Aka sallami ɗaruruwan ƙwararrun Sobiyet, aka dakatar da aikin tashar nukiliya ta Kwabenya da aka aza harsashinta a 1964. Waɗanda suka dawo daga Mosko da takardun digiri suka tarar ana yi musu kallon 'yan kwaminis, wasu suka daɗe suna yawon neman aiki. Duk da haka ba a rufe ajin Rashanci ba.

Cikin waɗanda suka riƙe shi akwai Atukwei Okai. An haife shi a 1941, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Gambaga can arewa, ya tafi Mosko a 1961, ya gama Cibiyar Adabi ta Gorki a 1967. Wato ya dawo gida daidai lokacin da hajarsa ta fi yin kwantai. A 1971 ya fara koyar da adabin Rasha a Legon, daga baya ya koma Cibiyar Nazarin Afirka, kuma daga 1989 har rasuwarsa a 2018 shi ne babban sakataren Ƙungiyar Marubutan Afirka. Mawaƙin da ke cika zaure da jama'a in zai karanta waƙoƙinsa, shi ne kuma ke tsayawa gaban allo yana gabatar wa ɗalibai Pushkin da Tolstoy. A ganina wannan ne ya ceci darasin: ya fita daga hannun 'yan siyasa ya koma hannun malamai.

Sauran tarihin hawa da sauka ne. A shekarun 1980 guraben karatu sun sake buɗewa. John Mahama ma, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, a Mosko ya yi karatun gaba da digiri, ya gama a 1988. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a ƙarshen 1991 sai kasuwa ta ja baya. Daga baya Sinanci ya shigo da ƙarfinsa, aka buɗe Cibiyar Confucius a Legon a 2013. GIL kuwa ta yi rassa a Kumasi da Tamale, sannan dokar 2020 ta haɗe ta da makarantar aikin jarida da ta fim, suka zama jami'a guda mai suna UniMAC.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗaya gefen labarin. Lokacin da Akra ke koyon Rashanci, su can a Rasha da Foland Hausa suke koyo, kuma ba da wasa ba. A 1963 aka buga ƙamus na Hausa zuwa Rashanci ƙarƙashin jagorancin Dmitri Olderogge na Leningirad, a 1967 na Laptukhin daga Rashanci zuwa Hausa ya biyo baya, Rediyon Mosko kuma ya yi shekaru yana watsa shiri da Hausa. A Jami'ar Warso, Stanislaw Pilaszewicz ya rubuta littafi sukutum a 1981 kan Alhaji Umaru na Kete Karachi, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934, wanda zangunan Ghana ke alfahari da shi. Da harshen Foland ya rubuta shi. Jikokin ɗaliban Alhaji Umaru nawa ne a Nima za su iya buɗe wannan littafi su ga abin da aka faɗa a kan malaminsu?

Kuma ba ƙarancin basira ba ne. Yaron zango kan tashi da Hausa a gida, harshen Tuwi a kasuwa, harshen Ga a bakin maƙwabta, Turanci a boko, Larabci a makarantar allo. Wanda ya saba rubutu daga dama da safe, daga hagu da rana, haruffa 33 na Rashanci ba za su kayar da shi ba, ko da ya tarar harafin da ya sani da P a can R ne, H kuma N. Abin da ke tare hanya kuɗin makaranta ne, da tambayar da uba kan yi da gaskiyarsa: “To, in ka gama, wa zai ɗauke ka aiki?” Shi ya sa namu da suka isa Sashen Harsunan Zamani suka fi karkata ga Larabci, inda suke da jari tun daga gida.

Tambayar tana da amsa yanzu, ko da amsar ba mai daɗi ba ce. A 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, an kwaso ɗaruruwan ɗaliban Ghana daga Yukiren, akasarinsu masu karatun likita. A 2024 kafofin labaran Ghana suka ba da rahoton wasu samari da aka yi wa alkawarin aiki a Rasha, suka sa hannu a takardun da ba su iya karantawa ba, suka tsinci kansu a cikin kakin soja. Dillalan biza na yi wa unguwanninmu zarya, kuma ajin da ake koyar da karatun irin waɗannan takardu yana nan a Adabraka da Legon, ana ɗaukar ɗalibai kowace shekara.