Ahmed Abdul-Malik, mai bes da ya shigo da Sahara cikin jaz

 Yau tarihin Ahmed Abdul-Malik na kawo muku. An haife shi a Buruklin ta Amurka a 1927, ya rasu a 1993. Bes yake kaɗawa, ƙaton gogen nan da ake ja wa tsirkiya da yatsa a tsaye. Ya yi kiɗa da Thelonious Monk, ya kuma koyi udu, molon Larabawa. Ya fitar da faifan Jazz Sahara a 1958, sai Sounds of Africa a 1962. Har gobe ana sauraronsa, saboda an naɗa. To mu fa, kiɗan Uhola wa ke naɗa mana? Ga wayoyi a hannunmu, dattawan makaɗa kuwa sai tafiya suke yi.