Na'urorin auna gudu: Ina gaskiyarsu ta tsaya?

Ɗimbin masu gudun motsa jiki na ɗaura agogo a hannu, ko su maƙala wata 'yar na'ura a takalmi, domin sanin yadda suke taka ƙasa. Burin wasunsu shi ne kauce wa ciwon gwiwa da na ƙwauri.

A shekarar 2006 ne kamfanonin Nike da Apple suka fito da na'urar da ake sakawa cikin takalmi. A 2013 kuma kamfanin Garmin ya ƙaddamar da agogon Forerunner 620, wanda ke aiki tare da ɗamarar ƙirji domin auna yawan taku, da tsawon lokacin da ƙafa ke yi a ƙasa, da yadda jiki ke tashi ya sauko. Agogon Apple ya samu irin waɗannan ma'aunai a 2022.

Masana kan gwada sahihancin na'urorin ne ta hanyar kwatanta su da kayan ɗakin bincike, wato kyamarori masu bin motsin gaɓoɓi da faranti na musamman da ke auna ƙarfin taku.

Inda suka fi dacewa shi ne ƙirga taku a minti guda, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: wani bincike da aka yi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 2011 ya nuna cewa ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na rage nauyin da ke sauka a kan gwiwa.

Sai dai lokacin da ƙafa ke yi a ƙasa ya fi wuyar kamawa. A wajen mai gudun nishaɗi bai cika wuce sulusin daƙiƙa ba, kuma na'urar ba ta ganin ƙafar, kintata take yi daga girgizar jiki. Don haka na'urori biyu na kamfanoni daban-daban kan iya bai wa mutum ɗaya alƙaluma mabambanta a gudu ɗaya. Sakin ɗamara ko sauya wurin ɗaurawa ma kan jirkita sakamako. Alƙaluman sun fi amfani idan mutum ya kwatanta gudunsa na yau da na jiya a na'ura guda.

Babban giɓin yana wajen hasashen rauni. A 2019 masu bincike a Jami'ar Vanderbilt sun gano cewa ƙarfin dukan ƙafa a ƙasa ba ya nuna ainihin nauyin da ke kan ƙashin ƙwauri, domin mafi yawan nauyin daga jan tsokoki yake fitowa, wanda na'urorin ba sa aunawa.

Shi kuwa taku 180 a minti da ake yawan ambatawa, ya samo asali ne daga lurar da kocin Amurka Jack Daniels ya yi wa zakarun gudu a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles. Masu gudun nishaɗi da dama ba sa kaiwa wannan adadi, tunda yawan taku na sauyawa gwargwadon sauri da tsawon ƙafa.