Awon sukarin jini: hanyoyi biyar da yadda ake karanta sakamakonsu

Ciwon sukari, wanda wasu ke cewa ciwon suga, ma'aikatan lafiya kuma su ce diyabet, yana iya yin shekaru a jikin mutum bai nuna kansa ba. Sukari kan hau har ya fara taɓa idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, mai shi yana ta harkarsa a kasuwa yana jin garau. Haka kuma wanda ke shan magani ko yake allurar insulin, sukarinsa na iya faɗuwa cikin awa guda ya kayar da shi. Jin jiki kawai ba ya isa a gane inda aka tsaya, sai an auna. Hanyoyin awon guda biyar ne, kuma kowace da tambayar da take amsawa. Adadin da aka samu yana da amfani ne idan an san da wane ma'auni aka rubuta shi, da lokacin da aka ɗauki jinin.

Ma'auni uku, jini ɗaya

A Nijar, kamar sauran ƙasashe masu aiki da Faransanci, takardar sakamakon laboratuwar ta fi zuwa da gram a cikin lita, wato g/L. Yawancin ƙananan na'urorin gida suna nuna mg/dL, wasu kuma, musamman waɗanda suka fito daga Ingila, suna nuna mmol/L. Na'urar da ɗan'uwa ya aiko daga waje, ko aka sayo a Kano ko Katsina, tana iya zuwa da kowanne daga cikin biyun.

Lissafin ba wuya. Idan na'ura ta nuna mg/dL, a raba da 100 a samu g/L: 126 shi ne 1,26. Idan mmol/L ce, a ninka da 18 a samu mg/dL: 7 sau 18 ya ba da 126. Ke nan 7 da 126 da 1,26 duk abu ɗaya suke faɗa.

Ruɗewa a nan tana da haɗari. Wanda ya saba da g/L, idan ya ga 3,5 a na'ura mai mmol/L, zai ɗauka sukarinsa ya yi mugun hawa, ya ƙara magani. Alhali 3,5 ɗin nan 0,63 g/L ne, sukarin ya riga ya faɗi. Ma'aunin yana rubuce da ƙananan haruffa kusa da adadin. A duba shi tun ranar da aka karɓi na'ura. Duk adadin da ke ƙasa a cikin g/L yake.

1. Awon fitsari

Wannan ita ce hanya mafi daɗewa. Likitocin ƙasar Indiya na zamanin dā sun lura cewa tururuwa na taruwa a kan fitsarin wasu marasa lafiya, kuma har yau da wannan alama mutane da yawa ke fara zargin ciwon. Yanzu ƴar siririyar takarda ake tsomawa a fitsari, launinta ya sauya idan akwai sukari.

Awon yana da araha, ba a huda jiki, amma abin da yake gani kaɗan ne. Ƙoda ba ta fara zubar da sukari a fitsari sai ya kai wajen 1,80 a jini. Mai 1,50 yana iya zama mai ciwon sukari, fitsarinsa kuma ya fito ba komai. Awon ba ya nuna faɗuwar sukari ko kaɗan, sannan fitsarin da ya taru a mafitsara labarin awannin da suka wuce yake bayarwa. Don haka ba a tabbatar da ciwon da shi, ba a kuma daidaita insulin da shi.

Inda fitsari ke da muhimmanci shi ne neman asetan, abin da takardar likita ke rubutawa «cétones». Idan jiki ya rasa insulin yakan koma ƙona kitse, asetan ya taru a jini. Mai allurar insulin da sukarinsa ya wuce 2,50, ko yake amai da ciwon ciki, ya kamata a duba masa. Idan an samu da yawa, sai asibiti nan take.

2. Jinin jijiya a laboratuwar

Da wannan ake tabbatar da ciwon. Ana ɗibar jini a jijiyar hannu, kuma iri uku ne.

Na farko shi ne awon safe kafin a ci komai, wanda takarda ke kira «glycémie à jeun». Mutum zai kwana aƙalla awa 8 bai ci ba. Ruwa zalla ba ya ɓata awon, amma koko, fura, shayi ko goro da safe suna ɓata shi. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS:

- daga 0,70 zuwa ƙasa da 1,10: daidai;
- daga 1,10 zuwa 1,25: sukari ya fara hawa, ana bakin ciwon;
- 1,26 ko sama da haka, a awo biyu na ranaku daban: ciwon sukari.

Na biyu shi ne awon kowane lokaci, an ci ko ba a ci ba. Idan ya kai 2,00 ga wanda ke da yawan fitsari, ƙishirwa da rama, ya isa a tabbatar.

Na uku shi ne na ruwan sukari. Ana auna mutum da safe, a ba shi gram 75 na gulukos a ruwa ya shanye, ya zauna, a sake aunawa bayan awa 2. Ƙasa da 1,40 daidai ne, 2,00 ko sama ciwon sukari ne. Mata masu juna biyu aka fi yi wa shi, tsakanin mako na 24 da na 28, kuma nasu adadin ya fi tsauri: 0,92 kafin a sha, 1,80 bayan awa 1, 1,53 bayan awa 2. Ɗaya daga cikin ukun ya isa a ce akwai sukarin ciki, wanda kan sa jariri ya yi girman da haihuwa za ta yi wuya.

Jinin da aka ɗiba aka bari ya daɗe a kan tebur, sukarinsa raguwa yake yi, domin ƙwayoyin jinin na ci gaba da cinye shi. Shi ya sa ya fi kyau a ɗibi jinin a wurin da za a auna shi.

3. Na'urar huda yatsa

Ita ce ake gani a CSI, a farmasi da cikin gidaje. Ana sa bandelet, wato ƴar siririyar takardar awo, a bakin na'ura, a huda yatsa da ƴar allura, a taɓa ɗigon jinin, adadi ya fito cikin daƙiƙoƙi. Tana faɗin yadda sukari yake a daidai wannan lokaci. Ga yawancin manya masu ciwon, abin da ake nema shi ne 0,80 zuwa 1,30 kafin cin abinci, da ƙasa da 1,80 bayan awa 2 da fara ci. Likita na iya sassauta wa tsofaffi, ya tsaurara wa masu ciki.

Na'ura mai kyau ma tana da ɗan kuskure. Ƙa'idar ISO ta 2013 ta yarda sakamako ya kauce da kashi 15 cikin 100 idan sukari ya kai 1,00 ko sama. Wanda ya auna sau biyu a jere ya ga 1,42 da 1,55, na'urarsa lafiya lau take. Babban kuskure daga hannun mai awo yake zuwa, ko daga ajiya:

- A wanke hannu da sabulu, a bari ya bushe sosai. Yatsan da ya taɓa dabino, mangwaro ko kofin shayi zai ba da adadi mai yawa na ƙarya. Danshin ruwa kuma yakan sirka jinin, adadin ya ragu. Idan an goge da alkol, a jira ya bushe.
- A huda gefen kan yatsa, ya fi rashin zafi, a riƙa sauya yatsu. Kada a matse da ƙarfi.
- Zafi na kashe bandelet. Yawancin kamfanoni sun rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali a Afrilu da Mayu zafin Tawa, Yamai ko Damagaram na wuce 40. Kada a bar su cikin mota, a akwatin babur ko a taga. A nemi wuri mafi sanyi a ɗaki.
- Danshi ma na lalata su. A rufe kwalbar da zarar an ciro ɗaya, kada a juye su a leda ko aljihu. Dabarar sanyaya insulin a jikin randa ba ta dace da bandelet ba idan laima za ta shiga.
- A duba ranar ƙarewar aiki. Kowace na'ura da irin bandelet ɗinta. Kafin a sayi na'ura, a tabbatar ana samun bandelet ɗinta a farmasin garin, domin su ne kuɗin da ba ya ƙarewa.
- Allura ta mutum ɗaya ce. Yin tarayya a kanta, ko tsakanin miji da mata, na iya yaɗa ciwon hanta na B da sida.

Ƙarancin jini mai tsanani kan sa wasu na'urori su nuna fiye da gaskiya. Idan adadi bai yi kama da yadda mutum ke ji ba, a sake wanke hannu a maimaita. Yana da kyau lokaci-lokaci a je da na'urar laboratuwar, a auna da ita a lokacin da ake ɗibar jini, a kwatanta.

Sau nawa? Mai allurar insulin sau da yawa a rana yana bukatar awo kafin kowane abinci da kafin barci. Mai shan ƙwayoyi kawai wanda sukarinsa ya zauna, likita kan rage masa sosai. Idan bandelet sun yi kaɗan, a riƙa sauya lokaci: yau da asuba, gobe bayan tuwon dare, jibi kafin abincin rana. A rubuta rana, awa, adadi da abin da aka ci a ƙaramin littafi, a kai wa likita. Adadin da ba a san lokacinsa ba, ba a iya gyara magani da shi.

4. HbA1c, awon wata uku

Sukarin da ke yawo a jini yana manne wa sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma ƙwayoyin na rayuwa kusan kwana 120. Awon HbA1c yana duba kashi nawa ne sukari ya manne wa, ya ba da matsakaicin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ba sai an kwana da yunwa ba. Wanda ya ƙaurace wa shayi da burodi kwana biyu kafin ganin likita zai iya gyara awon safe, amma wannan ba zai motsa ba.

Tun 2011 OMS ta amince a tabbatar da ciwon da shi idan ya kai kashi 6,5. Ga mai ciwon, galibi ana neman ƙasa da kashi 7, wanda ya yi daidai da matsakaicin 1,54. Ana yin sa duk wata uku idan an sauya magani ko sukari bai zauna ba, sau biyu a shekara idan ya zauna. A manyan asibitoci da laboratuwar na birane aka fi samunsa.

Akwai abin lura a ƙasar nan. Duk abin da ke rage kwanakin jajayen ƙwayoyi yana rage adadin, ya nuna kamar komai lafiya. Mai amosanin jini, wato emasi ko sikila, wanda bai daɗe da zubar da jini ko ƙarin jini ba, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya fasa wa ƙwayoyin jini, duk suna ciki. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma, da ya yawaita ga mata, yakan ɗaga adadin. Sai a faɗa wa likita, ya dogara da awon safe da littafin gida.

5. Na'urar mannawa a damtse

Wani ɗan faifai ne kamar kwabo da ake mannawa a bayan damtse, da siririn zare a ƙarƙashin fata. Yana aunawa dare da rana, a karanta a waya ko a ƙaramar na'ura. FreeStyle Libre, wanda ya fito a Turai a 2014, yana yin kwana 14 kafin a sauya. Amfaninsa shi ne nuna inda sukari ya dosa, da faɗuwar dare da mutum bai sani ba. Ana son sukari ya zauna tsakanin 0,70 da 1,80 fiye da kashi 70 na lokaci.

Ruwan da ke tsakanin tsoka yake aunawa, wanda ke bin bayan jini da ƴan mintoci, don haka idan sukari na saurin sauka a tabbatar da yatsa. Gumi na iya ɓamɓare shi, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Yara masu allurar insulin ne suka fi amfana da shi.

Awo a watan azumi

Ƙa'idar da Tarayyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, ta fitar tare da ƙungiyar DAR kan azumin Ramadan ta bayyana cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Ta ba da shawarar aunawa da sahur, da tsakar rana, da la'asar, da lokacin buɗa-baki, da awa 2 bayansa. A sha ruwa idan sukari ya sauka ƙasa da 0,70, ko ya haura 3,00, ko da saura kaɗan rana ta faɗi. Maganar ko mutum zai iya azumin, da sauyin magani, da likita ake yin ta makonni kafin wata ya kama.

Adadin da ba a jira da shi

Ƙasa da 0,70, ko rawar jiki, gumi mai sanyi da jiri: a sha gram 15 na sukari, wato ƙwaya uku ko babban cokali ɗaya a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15, sannan a ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da maganin kinin duk suna saukar da sukari, don haka mai ciwon da ke kwance da zazzaɓi ya ƙara yawan awo.

Idan na'ura ta rubuta LO, sukari ya sauka ƙasa da abin da take iya aunawa. Idan ta rubuta HI, ya wuce iyakarta, galibi 5 ko 6 g/L. Wannan, ko adadin da ya zauna sama da 3,00 tare da amai, numfashi da sauri ko ruɗewa, na asibiti ne a ranar. A tafi da na'urar, da littafin awo, da duk magungunan da ake sha.