Ayo Bankole: Haifaffen Jos da Ya Koya wa Fiyano Harshen Gida

Duk wanda ya ratsa Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha a Kaduna da safiyar Lahadi, zai ji amon kibod na tashi daga majami'u ta kowace kusurwa. Yawancin samarin da ke kaɗawa da kunne suka koya, wani ya gani a hannun wani. Da za a tambaye su waye Ayo Bankole, da wuya a sami mai amsawa. Alhali a nan Arewa aka yanke masa cibiya.

An haife shi a Jos ranar 17 ga Mayu, 1935, lokacin da haƙar kuza da layin dogo ke janyo mutanen Kudu zuwa garin, kamar yadda tashar Kaduna Junction ta tara su a kudancin kogin Kaduna. Iyayensa Yarabawa ne. Mahaifinsa shi ne makaɗin ogan a Cocin St. Luke ta Angilikan da ke Jos, mahaifiyarsa kuma malamar kiɗa ce. Kiɗa dai gado ne a gidan. Yana ƙarami aka kai shi Legas wajen kakansa, wanda shi ma makaɗin ogan ne. Can ya shiga ƙungiyar mawaƙan babbar majami'ar Angilikan ta Legas a ƙarƙashin T.K.E. Phillips, sannan ya kama aikin akawu a gidan rediyon ƙasa, inda ya haɗu da Fela Sowande, uban tafiyar tsara kiɗa na zamani a Nijeriya.

A 1957 ya tafi Landan, makarantar kiɗa ta Guildhall, ya karanci fiyano da ogan da tsara kiɗa. Daga nan sai Kwalejin Clare ta Jami'ar Kambirij, inda ya sami gurbin ɗalibin ogan. Wannan gurbi ba kyauta ake raba shi ba. Mai ogan yana kaɗawa da hannu biyu a kan jerin maɓallai hawa-hawa, ƙafafunsa na taka wasu maɓallan na katako a ƙasa, ido ɗaya a kan takarda, ɗaya a kan mawaƙa. Bankole ya ci jarrabawar FRCO, wadda makaɗan ogan na Ingila ke ɗauka a matsayin ƙololuwa. Ya kuma leƙa Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles don nazarin kiɗan gargajiya, kafin ya dawo gida a 1966.

Amma takardun shaida ba su ne abin tunawa da shi ba. Ɗalibai da yawa sun je Turai sun dawo suna kaɗa Bach da Beethoven tsaf, iyakarsu ke nan. Shi Bankole damuwarsa daban ce. Yarabanci, kamar Hausa, harshe ne mai hawa da saukar murya. In ka karkatar da karin, ka sauya ma'ana. Waƙoƙin coci da Turawan mishan suka fassara sun riƙa ɗora kalmomin gida a kan karin Turai, har magana ta koma wata aba dabam. Bankole ya juya lamarin: karin harshe ne ke gaba, kiɗa na biye. Bahaushen da ya san yadda kalangu ke kiran sunan mutum a taron biki ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Haka ma a fiyano, sau da yawa hannun hagu na riƙe da bugu irin na ganga, na dama na rera waƙar.

Ya bar ayyuka irin su Nigerian Suite da Egun Variations, da kuma sonata ta biyu mai suna The Passion, wadda ya gina a kan labarin wahalar Almasihu yana ɗalibi, bai kai shekara ashirin da biyar ba. A ganina ita ce ta fi nuna ko shi waye: sigar Turai ce tun daga tushe, amma muryar da ke ciki ta cocin Yarabawa ce.

Bayan ya dawo ya yi aiki a rediyo, sannan a 1969 ya koma koyarwa a Jami'ar Legas. Ya horar da ƙungiyoyin mawaƙa, har da na yara, ya kuma rubuta Festac Cantata. Sai dai bai ga bikin FESTAC ɗin ba. A watan Nuwamba na 1976 aka kashe shi tare da matarsa a Legas, yana da shekara 41. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka aka buɗe FESTAC 77, wanda Kaduna ta karɓi baƙuncin hawan dabarsa.

Daga nan yawancin ayyukansa suka kwanta a takarda, kaɗan ne aka buga. Sai a 2018 Rebeca Omordia, gwanar fiyano wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, mahaifiyarta 'yar Romaniya, ta fitar da faifai mai suna Ekele da ke ɗauke da kiɗansa, ciki har da The Passion. A shekarar da ta biyo baya ta kafa jerin wasannin kiɗan Afirka a Landan.

Faifan na nan a intanet. Shugabannin mawaƙa na majami'un Narayi da Unguwar Television su nemo shi su kunna wa yaran da ke zaune gaban kibod, su kuma gaya musu cewa mai wannan kiɗa a Jos aka haife shi.