Lambar 4 294 967 297: tarihin ƙa'idar da misali ɗaya ya rusa

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin lamba guda wadda ta shekara 92 a ajin da ba nata ba. Masana lissafi sun kasa lambobin da suka wuce 1 gida biyu: masu rabuwa, kamar 15 (watau 3 sau 5), da waɗanda babu mai raba su daidai sai 1 da su kansu, kamar 17. Na biyun su ne Faransanci ke kira nombres premiers. A nan za mu ce da su gagara-rabo.

2. Zaton Fermat

Pierre de Fermat, alƙali a Tuluz, ya ɗauki 2 ya ninka ta da kanta, sakamakon ma ya ninka shi da kansa, haka har gaba: 2, 4, 16, 256, 65 536. Da aka ƙara wa kowace 1 sai aka samu 3, 5, 17, 257, 65 537, dukansu gagara-rabo. A shekarar 1640 ya rubuta wa Frénicle cewa yana ganin haka jerin zai tafi har abada, amma ya amsa cewa ba shi da cikakkiyar hujja. Lamba ta shida a jerin ita ce tamu, kuma girmanta ya sa aka bar ta a kan zato.

3. Amsar Euler

A 1732, a birnin Saint-Pétersbourg na Rasha, Leonhard Euler, yana ɗan shekara 25, ya nuna cewa lambar tana rabuwa: 641 sau 6 700 417. Daga baya ya bayyana dalili: duk gagara-rabon da zai raba ta dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. Ke nan ba sai an gwada dubbai ba: 193, 257, 449 da 577 sun kasa, 641 ta raba.

Jerin bai rasa daraja ba. A 1796 Gauss ya gano cewa ana iya zana siffa mai ɓangarori 17 daidai-wa-daida da magwaji da kamfas kawai, saboda 17 na cikinsa. A 1880 Landry ya raba ta bakwai da 274 177. Har yau, duk da kwamfuta, ba a sami gagara-rabo a jerin ba bayan 65 537.

4. Kammalawa

Kuskuren Fermat ba na lissafi ba ne, na hanyar bincike ne: misalai biyar masu kama da juna ya ɗauka ƙa'ida. Mu masu nazarin harshe mun san wannan tarko. Wanda ya ji ƙofa/ƙofofi, mota/motoci da hanya/hanyoyi zai iya kafa dokar jam'i, sai riga/riguna ta tare shi. Shi ya sa muke roƙon ɗalibanmu su riƙa bambance, kamar yadda Fermat ya yi, abin da suka tabbatar da abin da suke zato kawai.